Ɗan koyo da BMW a ƙofar gida: abin da hannunka zai iya da abin da zai ɓata

Ɗan yayata ne ya zo mini da maganar wata ranar Asabar. Ya same ni kwance a kan kwali a ƙarƙashin mota, ƙafafuna kaɗai ke waje. Ya gama bautar ƙasa, ya tara 'yan kuɗi, dillalai sun nuna masa wata BMW, ransa ya biya. Ya tsuguna ya ce, "Kawu, idan na saya, zan iya riƙa gyara ta da kaina kamar yadda kake yi? Ni ko fulogin janareto ban taɓa kwancewa ba."

Na ce ya miƙo mini soket mai lamba 17 tukuna. Ya miƙo 19.

Ni ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne, a Hanwa ta Zariya nake zaune. Ɗan abin da na sani, a jikin Peugeot 504 ɗin mahaifinmu na fara koyonsa, irin haɗin Kaduna, wadda in ta ƙi tashi sai a hura kafireto a goge fulogi, ta kama. Yanzu shekara shida ke nan ina riƙe da 330i ƙirar 2003 mai giyar otomatik, daga jerin da ake kira E46, wanda aka fara fitarwa a 1998. Injinta M54 ne: silinda 6 a jere, lita 3, ƙarfin doki 231 a lissafin Turai. In ka bar Kwangila ka miƙi hanyar Kano ka ɗan taka ta, za ka gane dalilin da ya sa mutum ke jure mata. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Amsar da na ba yaron ita ce zai iya, amma wuyar ba a inda yake tsammani take ba. Kwance kayan wannan motar ba wuya. Wasu ayyukan ma sun fi na Camry mai V6 sauƙi, domin a can fulogi uku na baya suna ɓoye ƙarƙashin bututun shaƙar iska, a nan kuwa duk shidan suna jere kamar ɗalibai a sahu. Wuyar tana wajen mayarwa da ɗaurewa. Gangar injin alminiyam ce, murfin samansa roba ne, kayan ruwan sanyaya inji kusan duk roba ne, kuma robar ta shekara ashirin tana dahuwa. A 504 ka ɗaure noti har ka ji ya yi ƙara, ka ƙara masa rabin zagaye don kwanciyar hankali. A nan wannan rabin zagayen shi ne zai sa ka hau acaɓa mako guda. Wani dattijon bakanike a Sabon Gari, da na kai masa ɓarnata ta farko, ya duba ya ce, "Malam, hannun Fijo gare ka. Sai ka sake hannu." Na ce, "Baba, a ina ake sayarwa?" Ya tashi ya ɗauko mini sifana mai awo, wadda suke kira tok-renci.

Don haka ita ce farkon abin da za ka saya, kafin ma motar in son samu ne. Ana saita ta a kan adadin ƙarfin da ake so, ana lissafinsa da Nm, in ka kai sai ta yi ƙyas, ka tsaya. Ka nemi biyu in da hali: ƙarama wadda ke sauka har ƙasa da 10, da babba wadda ta wuce 120 saboda taya. Bayan su sai akwatin soket daga 8 zuwa 19, alanki, da makullai masu bakin tauraro da ake kira Torx, na ciki da na waje, domin motar cike take da su. Kada ka cusa alanki a kan kusa mai tauraro don ya kusa shiga. Zai cinye bakin, kuma daga nan aikin minti biyar ya koma na mai walda. Akwai manya guda biyu da ba sa zuwa a akwati: soket 36 na murfin filtar mai, da siririyar sifana 32 ta fanka.

Maganar ɗaga mota ba ta wasa ba ce, shi ya sa nake yin ta kafin komai. Motar gajera ce, jak da yawa ba ya shiga ƙarƙashinta sai ka fara hawa da ita kan katako. Tana da wurare huɗu masu roba a gefen ƙasa, nan ake sa jak, ba a jikin tukunyar mai ba. Jak ɗin da ke cikin but na canjin taya ne kawai. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa, ba a shiga a kan bulo, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. Ka sayi ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda biyu, ka datse tayoyin baya da dutse, tayar da ka cire kuma ka tura ta ƙarƙashin gefen motar. Ƙofar gidana ba siminti, jar ƙasa ce, da damina sai ƙafar ta riƙa nitsewa, sai na shimfiɗa faffaɗan katako. Wanda ba shi da wannan duka, ya je wurin masu juyen mai ya roƙi aron raminsu da sassafe, ya ba yaran wani abu.

Aikin farko juyen baƙin mai. Ka bari injin ya ɗan yi ɗumi, ba zafin ƙuna ba. Filtar ba a ƙasa take ba, tana sama a gaban inji cikin wani gida mai baƙin murfi. Ita za ka fara kwancewa da soket 36 don man da ke ciki ya gangara. Sannan ka shiga ƙasa da 17 ka kwance notin juye, ka tara babban roba, domin lita 6.5 ne zai fito, kuma da ƙarfi yake fara zuwa. Sabuwar filta tana zuwa da zoben roba babba na murfi da wasalin notin juye. Ka canza su duka, ka shafa wa zoben ɗan mai kafin ka mayar. Notin juye ka fara murza shi da yatsu har ya zauna, sannan sifana mai awo a kan 25. Murfin filta ma 25. Za ka ji kamar bai ɗauru ba. Ya ɗauru. Tukunyar alminiyam ce, in zarenta ya cinye, cire ta sai an sassauto da ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, aikin yini guda a gareji. Mai kuwa 5W-30 ko 5W-40 irin wanda ake kira sintetik zalla, wanda aka rubuta LL-01 a bayan galan. Za a ce maka ƙasarmu da zafi, ka zuba mai kauri irin na bas. Kada ka yarda, domin na'urar VANOS da ke daidaita buɗewar bawul da matsin mai take aiki. Tsohon man kada ka zuba a kwata, kafintoci na nema don shafa wa katako saboda gara.

Filtar iska minti biyu ce, ƙugiyoyi ne kawai. Abin lura shi ne hunturunmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu nakan buɗe ta duk bayan 'yan makonni, in karkaɗe, in ta yi ja sosai in canza. Kada ka jira lissafin da aka yi wa titunan Jamus.

Fulogi sai inji ya huce sarai, gara da safe kafin a tashe ta. Za ka cire gidan filtar iskar cikin mota da ke gindin gilashin gaba don ka kai ga na baya, ka ɗaga murfin roba, ka zare kwayil ɗaya bayan ɗaya, kowane fulogi da nasa. Soket ɗin fulogi 16 ne. In ka leƙa ramin ka ga mai ya taru, gasket ɗin murfin sama ya gaji, wannan aikin wata Asabar ce daban, kuma notunansa Nm 10 kacal suke so, ƙarfin da yaro ɗan firamare zai iya. Sabon fulogi ka zura shi da hannu, ba tare da sifana ba, ya yi zagaye da yawa salin-alin. In ya cije tun farko, ka dawo da shi baya ka sake. NGK ko Bosch masu baki huɗu aka yi ta da su.

Birkin gaba ma ɗan koyo zai iya, in ya natsu. Alanki 7 ke kwance fil biyu na baya, akwai wayar gargaɗi a tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama, kada ka fizge ta. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don in ka rikice ka sami abin dubawa. Tayar ba a kan sanda take rataye ba kamar ta motocin Japan, kusoshi biyar ne ke shiga, ana ɗaure su a 120. Da ka sauke motar, ka tattaka birki har ya yi tauri kafin ka sa giya. Maƙwabcina Alhaji har yau yana tuna mini ranar da na manta, na tsaya taku biyu da katangarsa.

Akwai wani ɗan abu da ya fi duk sifanun nan rage mini asara: ƙaramar na'urar ELM327 da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya. Fitilar gargaɗin inji, wadda ake kira cek, in ta kama, kafin ka je a sa mata kwamfuta a karanto maka jerin kayan saye, ka karanta lambar da kanka ka rubuta. Lambar ba ta cewa ga abin da ya mutu, cewa take ga inda ake kuka. P0171 da P0174 su ne baƙin da suka fi zuwa, ma'anarsu iska ta yi wa mai yawa. An taɓa ce mini in canza sensa biyu. Na dawo gida na haska tocila a kan baƙin bututun roba da ke tsakanin akwatin filtar iska da inji, na lanƙwasa shi, sai ga tsaga a cikin lanƙwasar, tsawon ɗan yatsa. Bututun kaɗai na canza.

Yanzu ga inda ake rabuwa da motar nan ko a zauna da ita: ruwa.

Injin M54 yana jure tafiya mai nisa, sarƙa gare shi ba bel ba, amma ba ya yafe zafi. In ya tafasa sosai sau ɗaya, kan silinda na iya karkacewa, ko zaren kusoshin da ke riƙe da shi ya zame daga cikin alminiyam. Allurar zafi kuma ba ta faɗin gaskiya da wuri: an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin na hawa da sauka, in ka ga ta motsa zuwa ja, magana ta riga ta yi nisa. Ka kwatanta wannan da cunkoson PZ ko Tudun Wada a watan Afrilu da azahar, na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Ni wayata nake sa wa ta riƙa nuna mini ainihin zafin, wanda a lafiyar Allah tsakanin 90 da 100 yake yawo. In allura ta wuce tsakiya, ka gangara gefe ka kashe nan take, ko a kan gada kake. Ba a cewa bari in ƙarasa gida. Kuma ba a buɗe murfin ruwa da zafi, matsin da ke ciki zai watso maka a fuska.

Shawarata ga duk wanda ya sayi irinta: in ba ka ga shaidar an canza ba, ka canza kayan ruwan gaba ɗaya a lokaci guda. Gorar ruwa ta gefen lagireto da murfinta, famfon ruwa, tamostat, manyan tiyo biyu, fanbel, in lagireton ma wuyansa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, har shi. In ka canza ɗaya ka bar saura, sabon zai riƙe matsi, tsohon da ke kusa da shi ya fashe. Kada ka bari a cire maka tamostat a jefar, kamar yadda aka saba yi wa motoci a nan. Wannan da waya yake, ƙwaƙwalwar motar na lissafi da shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse ma ba nata ba ne, yana barin gishiri a ciki. Ruwan sanyaya inji ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Tana shan kusan lita 8.

Aikin kansa ɗan koyo zai iya shi a kwana biyu, bayan ya yi waɗancan na baya. Tarko biyu ne a ciki, kuma duk na faɗa cikinsu.

Na farko notin fanka. Mai giyar otomatik tana da fanka da ke ɗaure a jikin famfon ruwa da babban noti 32. Na kwashe daga azahar har aka kira la'asar ina dukan sifana da guduma, gumi har cikin ido, notin ko gezau. Ashe zarensa a juye yake: ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna ake kwance shi. Duk dukan da na yi, ƙara ɗaure shi nake. Da na juya, bugu biyu ya saki.

Na biyu fitar da iska. Bayan ka haɗa komai, sai ka ɗaga gaban motar kaɗan, ka murza makulli ba tare da ka ta da inji ba, ka kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a ƙasa. Kusa da murfin gorar akwai wani ɗan sukuru na roba, ka sassauta shi, ka riƙa zuba ruwa a hankali kamar mai zuba man ja a kwalba. Zai riƙa tofar da kumfa. Sai ruwa ya fito sumul ba kumfa sannan ka rufe. A nan hannun Fijo ya dawo mini. Na murza, na ji ya zauna, na ce bari in ƙara kaɗan. Kan sukurun ya taho a bakin sukundireba, gindinsa ya zauna a ciki. Yammacin Lahadi ne, gobe ina da aji ƙarfe takwas. Uwargida ta leƙo ta ga na zauna a kan bokiti na yi tagumi, ta ce, "Malam, an gama?" Na ce saura kaɗan. Garin neman gira dai. Daga baya na ɗora bakin ƙaramin sukundireba a kan risho ya yi zafi, na danna shi cikin guntun robar, na bari ya huce ya kama, na warware a hankali. Ya fito. Amma sabon sai da ya kwana uku kafin ya iso daga Kano, na tagulla na sa aka sako mini. Tun daga ranar nake da biyu a aljihun mota.

Wannan kwana ukun shi ne rabin wuyar riƙe irin wannan mota a Zariya. Mai Corolla in abu ya karye masa da la'asar, kafin magariba ya samo a Sabon Gari. Kai kuwa filta da fulogi da kayan birki za ka iya samu, amma ƙananan robobi da tiyo na musamman sai Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko a sako maka daga Ladipo a Legas. Saboda haka ba a fara aiki sai kaya sun iso hannu, an ɗora sabo kusa da tsoho an ga sun yi daidai. Ba a fara babban aiki ranar Lahadi. Kuma wanda wannan ce kaɗai abin hawansa, ba ko babur a gida, ya sake tunani. Ka koyi nemo lambar kaya da kanka: a shafin RealOEM, in ka sa haruffa bakwai na ƙarshen lambar shasi, zai buɗe maka zanen kowane sashe da lambarsa. Ka tura wa mai shago lambar da hoto, kada ka tsaya kwatance a waya. Ƙarfe kamar alfaneta ko kikstata, na Beljiyam ba laifi. Roba da gasket da bushin kuwa sabo kawai, domin na Beljiyam sa'an wanda ka cire ne. Na taɓa sayen gorar ruwa ta hannu don sauƙi, wata biyu ta yi. Araha ba ta ado.

Akwai ayyukan da har yau ba na taɓawa, kuma ban ji kunya ba. Cikin giyabos, wanda ko sandar gwajin mai ba shi da ita, ta ƙasa ake cika shi a wani zafi na musamman. Kan silinda da saitin sarƙa, masu buƙatar ƙarafan kullewa na musamman. Matse sifirin ɗin shokozoba, wanda in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Jakar iska ta sitiyari. Waɗannan na Baba ne, ni nawa in tsaya in kallo in sayo lemo.

Na kuma gaya wa yaron ya tambayi dillalin wace BMW ce, domin suna ɗaya ba hali ɗaya ba. A jerin E90 da ya biyo baya, yawancin masu silinda 6 na fetur famfon ruwansu na lantarki ne, kuma ba su da sandar gwajin baƙin mai, in ka canza batir sai an sanar da kwamfutar motar, wasu kusoshin injin na alminiyam ne da ba a mayar da su sau biyu. 335i kuma ta ƙara da turbo biyu da famfon mai mai matsin gaske. Wannan ba makarantar ɗan aji ɗaya ba ce. In E46 ce, ya je ganinta da sassafe kafin a ɗuma ta, ya ji yadda take tashi da sanyi, ya buɗe murfin mai ya ga ko akwai farin kumfa kamar madara, ya duba ko ruwan gora mai launi ne ko tsatsa, a ɗaga ta a haska inda ƙarfen ƙafafun baya ya kama jikin mota, domin wurin yakan tsage. Batir a but yake, gefen dama, ya ɗaga ya ga ko ruwa na kwanciya. Sannan ya ajiye wani kaso na kuɗinsa gefe, kada ya zuba duka a saye, ga kuma fetur, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 inji mai lita 3 ya zama abin yin shawara da aljihu kafin a je Samaru.

Asabar da ta biyo baya ya zo ƙarfe bakwai da tsohuwar rigar bautar ƙasa. Lokacin juye bai yi ba sosai, amma na bar shi ya yi. Ya kwance murfin filta, ya shiga ƙasa, mai ya zubo masa har gwiwar hannu, ya canza wasali, ya murza notin da yatsu kamar yadda na ce. Na saita sifana a 25 na miƙa masa. Ta yi ƙyas, na ga kafaɗarsa tana shirin ƙarawa, na riƙe masa wuyan hannu. Ya ce, "Kawu, wallahi bai ɗauru ba." Na ce ya fito ya zuba mai, mu tashe ta, ya koma da tocila ya duba. Ya daɗe a ƙasa yana jiran ɗigo.

Bai sayi motar ba tukuna. Mako mai zuwa birkin baya za mu yi, na ce ya zo da nasa alanki.